Masu sayar da inuwa, su kuma suna tsaye a rana: halin da ma'aikatan inshora ke ciki daga Yamai zuwa Kore Mairuwa

Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Kwanni, Maradi ko Damagaram, sai ta ratsa Kore Mairuwa. Garin yana bakin hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Dosso da Dogon Dutsi, kuma tun 2011 da aka raba gundumar Dogon Dutsi ya faɗa cikin gundumar Tibiri. Manyan motocin kaya, bas-bas na kamfanonin sufuri, ƙananan motocin 'yan cin kasuwa da baburan kabu-kabu, dukansu doka ta ce ba su hawa titi sai da takardar inshora, wadda a tasha aka fi sani da asirans. Jandarma kan tambaye ta a shinge, direba kuma ya miƙa.

A saman takardar akwai sunan babban kamfani mai hedikwata a Yamai, tafiyar sama da kilomita 200. Amma direban bai taɓa taka wannan hedikwata ba. Wanda ya sani shi ne mutumin da ya karɓi kuɗinsa a wani ɗan biro a Dogon Dutsi ko Dosso, ko kuma saurayin da ke kai da kawo tsakanin tasha da biron. A idon direba, wannan mutumin shi ne kamfani. Sau da yawa kuwa, a littafin kamfanin babu ko sunansa.

Wannan gibi tsakanin sunan da ke kan takarda da mutumin da ya sayar da ita shi ne ginshiƙin matsalar aikin inshora a Nijar. Sauye-sauyen da aka yi tun daga 2011, da kuma abubuwan da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun ƙara fito da shi fili.

Ma'aikata hawa uku a ƙarƙashin suna ɗaya

Kasuwar inshora ta Nijar ƙarama ce. Jimillar kuɗin da kamfanoni ke tarawa a shekara bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa ba. Kamfanonin ma ana iya ƙirga su da yatsu: SNAR-Leyma da aka kafa a ƙarshen shekarun 1970, CAREN, NIA, SUNU wanda a da ake kira UGAN, MBA mai tushe a Najeriya, da reshen da ya yi suna a ƙarƙashin Saham. Dukansu hedikwatarsu tana Yamai.

Masu aiki da sunan waɗannan kamfanoni sun kasu hawa uku. Hawan farko su ne ma'aikatan hedikwata da na biro-biron da kamfani ke riƙe da kansa. Su ne masu albashin wata, masu kwantaragi a rubuce, masu lamba a asusun CNSS. Manyan cikinsu da dama sun yi karatu a makarantar inshora ta IIA da ke Yaounde a Kamaru, wadda ke horar da jami'an ƙasashen yankin. A ƙasar da aikin albashi ya yi ƙaranci, samun kujera a nan babban rabo ne, kuma dangi sun san haka.

Hawa na biyu su ne wakilai masu zaman kansu. Wakili yana ɗaga allon kamfani a ƙofar bironsa, yana sayar da takardunsa, amma ba ma'aikacinsa ba ne. Ɗan kasuwa ne da ke rayuwa kan la'ada. Doka ta ɗora masa mallakar katin sana'a da kuma jinginar kuɗi wadda ba ta gaza miliyan 10 na CFA ba. Sakatariya, mai karɓar kuɗi da mai gadi da ke bironsa, shi ya ɗauke su, shi ke biyan su. Idan aka yi rigimar albashi, kamfanin da ke Yamai yana iya cewa bai san da su ba, kuma a shari'ance yana da hujja.

Hawa na uku su ne 'yan kamasho, masu kawo ciniki. Su ne ke tsaye a tasha, su san direban da takardarsa za ta ƙare ranar Laraba, su bi shi har gida. Ba albashi, ba hutu, ba fansho. Abin da suka samu ya dogara da abin da wakili ya yarda ya gutsura musu daga tasa la'adar. A garuruwa irin su Kore Mairuwa, Gecheme, Matankari ko Dumega, mutanen wannan hawa ne akasari fuskar kamfani.

Lissafin yana da sauƙi. A ɗauka, a matsayin misali kawai, takardar wata uku ta tashi jika 20. Ba a kan jika 20 ɗin ake yanke la'ada ba, sai an cire haraji da kuɗin takarda. Abin da ya rage a yanki kaso kaɗan a ba wakili, shi kuma ya biya haya, wuta da albashi kafin ya sallami ɗan kamasho. Wanda ya yini a rana yana neman direba, abin da zai kai gida bai taka kara ya karya ba, sai fa idan ya haɗa takardu da yawa a rana ɗaya.

Dokar da aka rubuta a nesa

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dokar inshora ta Nijar ba a Yamai kaɗai ake tsara ta ba. Nijar na cikin ƙasashe 14 na ƙungiyar CIMA, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a Yaounde ranar 10 ga Yulin 1992, hedikwatarta kuma tana Libreville a Gabon. Kundin dokokinta ya fara aiki a 1995. Hukumar sa ido ta yankin, CRCA, ita ke da ikon ladabtar da kamfani har ta janye masa izini, yayin da sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi ke bin lamarin a cikin gida. Ficewar Nijar daga CEDEAO ba ta shafi wannan tsari ba, domin CIMA ƙungiya ce ta daban.

Gyare-gyare biyu na CIMA sun sauya rayuwar ma'aikata fiye da kowane abu.

Na farko shi ne gyaran sashe na 13, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2011. Kafin nan ana ba da inshora bashi. Direba ya karɓi takarda, ya ce sai ya dawo daga Gaya zai biya. Basussuka suka taru a littattafan kamfanoni har wasu suka kasa biyan diyya. Gyaran ya ce ba kuɗi, ba kariya. Ya kuma hana masu shiga tsakani karɓar kuɗin inshora da sunansu, sai dai tsabar da ba ta wuce miliyan 1 a kan takarda ɗaya ba, ita ma dole a miƙa ta ga kamfani cikin kwana 30.

Ga lafiyar kamfanoni, gyaran ya yi amfani. Ga mai sayarwa a garin da kowa ya san kowa, ya zo da nauyi. Kasuwancin Arewa a kan amana da lamuni yake tafiya. Idan ƙanin mahaifinka ya ce ka ba shi takarda zuwa ranar kasuwa, cewa a'a ba ƙaramin abu ba ne. Mafita ga wasu ita ce su biya daga aljihunsu su jira. Wato bashin da aka kora daga littafin kamfani ya koma kan wuyan ƙaramin ma'aikaci. Abin lura kuma, dokar ta bar wa gwamnati da hukumominta wa'adin da zai iya kaiwa kwana 180 kafin su biya, manyan kwantaragi kuma kwana 60. Ɗan kabu-kabu ne ba shi da ko yini ɗaya.

Gyara na biyu an yi shi a watan Afrilun 2016, lokacin da CIMA ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfani daga miliyar 1 zuwa miliyar 5 na CFA, mataki-mataki, ko da yake an tsawaita wa'adin daga baya. Manufar ita ce a samu kamfanoni masu ƙarfin biyan diyya. Sai dai mai zuba jari da ya ninka kuɗinsa a kasuwar da ba ta ninka ba, riba zai nema ta wata hanya: ƙarin ciniki daga kowane ma'aikaci, rage kashe kuɗi, da fifita la'ada a kan albashi. A daidai wannan zamani ne kuma manyan rukunoni suka yi ta sauya hannu. Sanlam na Afirka ta Kudu ya saye harkar inshorar Saham a 2018, sannan a 2023 ya haɗa harkokinsa na Afirka da Allianz na Jamus. Duk lokacin da allo ya sauya a ƙofa, ma'aikaci kan kwana da tambayar ko sabon mai gida zai riƙe shi, ga kuma aikin fahimtar da abokan ciniki cewa takardarsu tana nan daram.

Iyaka ta rufe, ciniki ya ja baya

Inshorar Nijar a kan mota da kayan da ake shigowa da su ta fi dogara. Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka, sai ya taɓa aljihun ma'aikatanta.

Ranar 30 ga Yulin 2023 CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Iyakokin Najeriya da Benin suka rufe, motoci suka yi cirko-cirko a Malanville da Gaya. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta bar ɓangarenta na iyakar Benin a rufe bisa dalilan tsaro. Kayan da a da ke bin Kwatano, Gaya da Dosso suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji.

Jihar Dosso ce ta fi jin wannan a jiki, domin ita ce ƙofar kayan Kwatano. Motar da aka jingine ba a sabunta mata inshora. Mai mota da ke sayen ta shekara ya koma sayen ta wata uku ko wata ɗaya. Ma'aikacin hedikwata ya ci gaba da karɓar albashinsa ko da ciniki ya ragu, amma wakili da ɗan kamasho, ranar da ciniki ya tsaya ranar tukunya ta tsaya. Tsarin hawa uku haka yake aiki: asara tana gangarowa ƙasa da sauri, riba kuma tana hawa sama.

Sai kuma batun katin CEDEAO mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa da yarjejeniyar Kwatano ta 1982 domin motar da ta tsallaka iyaka ta kasance da kariya. Ga mutanen Arewa, waɗanda kasuwanninsu ke haɗe da na jihar Kebbi, wannan kati ba ado ba ne. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta ce za ta ci gaba da amincewa da takardun tafiya da sauƙin kasuwanci na ƙasashen uku har zuwa wani lokaci. Tsari irin na katin yana tsaye ne a kan yarda tsakanin ofisoshin ƙasashe, cewa wanda aka yi hatsari a ƙasarsa zai biya, ɗayan kuma ya mayar masa. Duk ranar da dangantakar AES da CEDEAO ta yi tsami, mai sayar da katin a Dogon Dutsi shi ne na farko da direba zai tambaya.

A ɗaya gefen iyakar ma abubuwa na motsi. Najeriya ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, 'yan sanda suka fara tsananta bincike a Fabrairun 2025, sannan a watan Agustan 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta ɗaga jarin kamfanoni. Ma'aikatan can suna bin hanyar da takwarorinsu na yankin CIMA suka bi tun 2016.

Ranar hatsari

Wahalar aikin ba a ranar sayarwa take ba, tana ranar hatsari. A nan ne ake gane bambanci tsakanin abin da direba ya zata ya saya da abin da ya saya a zahiri.

Inshorar da sashe na 200 ya wajabta tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu ne: mai tafiya a ƙasa, fasinja, motar wani, dabbar wani. Ba ta gyara motar mai ita, kuma ba ta biyan direban da ya yi hatsarin. Wanda ke son waɗannan sai ya sayi ƙarin kariya da ƙarin kuɗi. Mai sayarwa da ke gaggawar rufe ciniki, ko wanda shi kansa ba a koya masa ba, ba lallai ne ya tsaya yin wannan bayani ba. Takardar kuma da Faransanci take, da ƙananan baƙaƙe. Ranar da mota ta kife, mai ita ya zo da tsammanin sabuwa, a ce masa ba haka ba ne, sai ya kira abin damfara.

Ko inda diyya ta tabbata, tafiyar tana da tsawo. Sai an sanar da kamfani cikin ƙayyadadden lokaci, wanda a yawancin takardu kwana 5 ne na aiki. Sai takardar jandarma ta bayanin hatsari, takardun likita, rahoton masani kan ɓarnar, idan kuma an rasa rai sai takardar mutuwa, ta haihuwa da ta magada. A ƙauyukan Dallol Mauri, mutane da dama ba su da takardar haihuwa, sai an bi ta kotu an yi ta maye gurbi. Bayan an haɗa komai, fayil ya tafi Yamai, inda ake yanke hukunci.

Wanda ya sayar da takardar ba shi da ta cewa a wannan hukunci. Amma shi ne ke sallah a masallaci ɗaya da dangin mamaci, shi ake tarewa a wurin suna da jana'iza. Jami'in da fayil ke kan teburinsa a Yamai shi ma ba a sake yake ba, yana tsakanin dokar da ta sa wa'adi da tarar jinkiri, da shugabannin da ke duba abin da ke fita daga asusu, da kuma tsoron takardun bogi, waɗanda su ma gaskiya ne akwai su. Sai dai shi yana da ƙofa da mai gadi. Na Kore Mairuwa ba shi da su.

Akwai wani abin da ya kamata iyalai su sani, wanda kuma ma'aikaci nagari kan faɗa musu. Idan aka samu direba ba shi da lasisi, wannan ba ya hana wanda aka buge haƙƙinsa. Kamfani zai biya shi, daga baya ya bi mai laifin ya karɓi kuɗinsa. Haka kuma ga wanda ba shi da takardar shaidar abin da yake samu, kamar manomi ko mai talla, ana lissafin diyya ne bisa mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Da aka ɗaga wannan albashi daga CFA 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, ma'aunin diyya ma ya tashi. Alheri ne ga waɗanda hatsari ya rutsa da su, ƙarin nauyi ne kuma ga asusun kamfanoni, wanda ke sake komawa matsin neman ciniki a kan masu sayarwa.

Tambayar malamai

Wani nauyin da ma'aikacin inshora ke ɗauka a ƙasar Hausa, wanda takwaransa na Abidjan ko Duwala bai cika sani ba, shi ne na addini. A 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci, yadda aka saba yin ta, tana da garari mai ɓata ciniki, ta kuma halatta ta taimakon juna. Malamai da dama suna sassautawa a kan inshorar da hukuma ta tilasta, amma ta rai ko ta dukiya wadda mutum ke saye da ra'ayinsa, nan gardama take.

Sakamakon haka, mai sayarwa yana da kaya iri-iri a jaka, amma guda ɗaya tak ke fita, wato wanda jandarma ke tambaya. Wasu ma'aikatan kuma suna fuskantar tambaya a cikin gidajensu game da halaccin albashin da suke ci.

Akwai hanyar fita a rubuce. Takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979, tana tsara abin a matsayin gudummawa cikin asusu ɗaya, kamfani ya zama mai kula kawai, rarar da ta rage kuma a raba wa masu asusun. CIMA ta fitar da ƙa'idojinta a 2019. A Najeriya kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful sun shekara da shekaru suna aiki. Ga mutanen da suka saba da adashi, gayya da asusun ƙungiyoyin mata, tunanin ba baƙo ba ne. Abin da ake buƙata shi ne kamfanin da zai zuba jari ya horar da masu bayani da Hausa da Zabarmanci, ba wai ya sauya suna a kan tsohuwar takarda ba.

Abin da ba a sayarwa

A daminar 2024 ambaliya ta hallaka kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi. Gidajen laka, rumbuna da gonaki sun tafi, kuma kusan babu wanda ke da inshora a cikinsu. Abin da ya fi damun magidanci a Kore Mairuwa shi ne gero, wake, dabbobi, lambun rani da kuɗin asibiti. Manomin dankali a Dogon Dutsi yana zuba kuɗin iri da taki da mai, ba tare da wata kariya ba idan amfanin ya lalace. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin abin da ɗan kamasho ke yawo da shi.

Ba don babu misali ba. Nijar na cikin ƙasashen farko da suka shiga asusun ARC na Tarayyar Afirka mai inshorar fari, kuma a farkon 2015 ta karɓi kimanin dala miliyan 3.5 bayan ƙarancin ruwa. Amma wannan inshorar gwamnati ce. A matakin magidanci, CIMA ta buɗe babin ƙaramar inshora tun 2012, sai dai sayar da takardar jika ɗaya ko biyu ƙauye-ƙauye yana cin kuɗin tafiya fiye da abin da yake kawowa, idan ba a bi ta ƙungiyoyin manoma ko wayar salula ba.

Ita wayar kuwa kaifi biyu gare ta. Ƙasashe irin su Cote d'Ivoire sun koma takardar inshorar mota ta na'ura domin kashe jabu. Tsarin yana kare direba da kamfani. Amma ranar da direba zai sabunta takardarsa daga wayarsa yana zaune a tasha, aikin wanda ke ɗaukar kuɗi ya kai biro ya dawo da takarda ya ƙare. Wanda zai tsira shi ne wanda ya iya abin da waya ba ta iyawa: bayani, haɗa fayil, da tsayawa wa iyali har diyya ta fito.

Inuwar giginya

Babban abin takaici a wannan sana'a shi ne, da yawa daga masu sayar da kariya su kansu ba su da ita. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Ɗan kamasho yana yawo a babur a kan hanya mai lamba 1, idan ya faɗi babu mai biyan kuɗin asibitinsa.

Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012 ba ta duba sunan da aka laƙaba wa mutum, tana duba yadda aikin yake. Wanda ke aiki a ƙarƙashin umarnin wani, yana zuwa da tashi a lokacin da aka sa masa, ana biyan sa, ma'aikaci ne, ko an kira shi mai koyon aiki ko mai taimako. Yana da haƙƙin mafi ƙarancin albashi, hutun shekara da rajista a CNSS. A albashin jika 100, ana cire CFA 5,250 daga hannun ma'aikaci, mai gida kuma ya zuba 16,400 domin fansho, kuɗin iyali da hatsarin aiki. Wannan jika 16 da ɗoriya ita ce dalilin da ya sa wasu masu biro ke jan ƙafa, ita ce kuma bambanci tsakanin tsufa da fansho da tsufa da roƙo. Ma'aikacin da ake cire wa kuɗi yana da damar zuwa ofishin CNSS ya tabbatar ana zubawa, idan kuma akwai saɓani, sufetan ƙwadago ne matakin farko kafin kotu.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka, yana buƙatar a yi aiki da wadda ke akwai. Kamfanin da ya ba wakili allonsa yana iya sharɗanta masa ya nuna shaidar CNSS ta duk wanda ke bironsa kafin a sabunta yarjejeniya. Sashen kula da inshora, da yake shi ke sa ido kan katin sana'a, yana iya fitar da jerin masu izini na kowace jiha a liƙa a tashoshi da ofisoshin magadan gari, abin da zai raba mai gaskiya da mai sayar da jabu. Kamfanoni suna iya ba ofisoshin Dosso ikon kammala ƙananan fayiloli ba sai an kai Yamai ba. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN, CDTN da CNT, waɗanda ƙarfinsu ya fi yawa a tsakanin masu albashi, suna da aiki a gabansu game da mutanen hawa na biyu da na uku. Bayanin shafi ɗaya da Hausa kan abin da takarda ke biya da abin da ba ta biya zai rage rabin rigimar da ake yi a ƙofar biro.

Su ma kamfanonin suna da riba a ciki. Kasuwar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba ba za ta girma da shingen jandarma kaɗai ba. Za ta girma ne ranar da aka ga gwauruwa a Kore Mairuwa ta karɓi diyyar mijinta cikin lokaci, aka kuma ga wanda ya sayar da takardar shi ya raka ta. Matasan Arewa da suka gama lakwal suna neman aiki suna kallon yayyensu da ke wannan sana'a. Abin da suka gani a jikinsu, na samu ko na rashi, shi zai nuna musu ko aikin inshora sana'a ce da ake tsufa a cikinta ko matsaya ce kafin a samu wani abin.